A San Asalin Kalma Kafin A Yi Ado Da Ita

Akwai wata ɗabi'a da ta daɗe a ofisoshin gwamnati da makarantu, wato haddar manyan siffofin Turanci daga ƙamus don a ƙawata wasiƙa ko insha'i da su. Neman kalmomi abin yabo ne. Aibin yana ga wanda ya haddace kalma bai san inda ta fito ba, domin ran da ya tashi aiki da ita sai ya ajiye ta a gurbin da ba nata ba.

Alal misali, babban ma'aikaci yana rubuta rahoton shekara a kan na ƙasa da shi. Nufinsa ya ce mutumin mai hazaƙa ne, wato "ingenious", sai ya rubuta "ingenuous". Harafi ɗaya ne ya raba su. Ta farko ta fito daga kalmar Latin "ingenium", baiwar da aka haifi mutum da ita. Ta biyu daga "ingenuus", ɗa wanda ba bawa ba, amma yau tana nufin mai sauƙin kai da bai san dawan garin ba. Rahoton zai shiga fayil, kuma da shi za a duba ƙarin girman bawan Allah.

Sanin asali ne maganin wannan. Yawancin manyan siffofin Turanci aro ne daga Latin da Girkanci, wasu kuwa ta hanyar Faransanci suka shiga bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Wasunsu labari ne a dunƙule. "Draconian" daga sunan Draco ne, wanda ya rubuta wa birnin Atina dokoki wajen shekara ta 621 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ƙaramin laifi ma kisa ne hukuncinsa. Wanda ya san haka ba zai kira dokar zuwa aiki da ƙarfe takwas da wannan suna ba. "Laconic" daga Lakoniya ne, ƙasar Spartawa, waɗanda aka sani da taƙaita magana. "Pyrrhic" kuwa daga Sarki Pyrrhus, wanda ya ci Rumawa a shekara ta 279 kafin haihuwar Annabi Isa, amma ya yi asarar dakarun da ta sa nasarar ba ta da riba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hanya. Ɗalibin da ya yi karatun zaure ya san ilimi da malami tushensu ɗaya a Larabci, haka hukunci da hikima. To haka abin yake a Latin: "bene" alheri, "male" mugunta, "volo" so. Daga nan "benevolent" da "malevolent" sun buɗe kansu ba tare da hadda ba.

Saboda haka ya kamata malaman Turanci su riƙa koya wa ɗalibai karanta bayanin asalin kalma da manyan ƙamusoshi ke kawowa. Shugabannin ofisoshi kuma su daina yaba wasiƙa don nauyin kalmominta. Takardar gwamnati ana rubuta ta ne domin a gane a yi aiki da ita, kuma kalmar da marubuci bai san asalinta ba gara ya bar ta ya ɗauki mai sauƙi da ya tabbatar da ma'anarta.