Brassens na cikin littafi, Maman Barka na cikin kaset

Ran wata Lahadi da la'asar, a wata majalisa ta unguwar Birni nan Damagaram, wani dattijo, tsohon ma'aikacin baitulmali, ya karanto mana waƙar Georges Brassens guda da ka, tun daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Muka tafa masa. Sai wani ɗan kasuwa da ke zaune gefe, wanda bai tsinci ko kalma ɗaya ba, ya ce: "Alhaji, to a ba mu ta Malam Maman Barka mana, mu ma mu ji tamu." Dattijon ya ɗauko amshi, ya kai baiti ɗaya da rabi, ya cije. Mu wajen takwas muka yi ta jefa masa abin da kowa ya tuna, amma waƙar ta ƙi haɗuwa. Aka yi dariya aka watse. Ni kam dariyar ba ta raka ni gida ba.

Kada a ga laifin dattijon, kada kuma a ce son Faransa ne ya rufe masa ido. Waƙar Brassens a takarda ya gan ta, ya maimaita ta har ta zauna. Ta Maman Barka kuwa a rediyo ya ji ta, iska ta kawo, iska ta tafi da ita.

Ga waɗanda ba su bi ta makarantar boko ba, bari in faɗi ko wane ne Brassens. Ɗan magini ne, an haife shi a 1921 a garin Sète, bakin teku a kudancin Faransa. A 1943 aka kai shi aikin tilas a Jamus. Da ya samu izinin zuwa gida bai koma ba, ya ɓuya a wani lungu na birnin Paris, a gidan talakawa marar ruwan famfo, inda ya ci gaba da zama fiye da shekara ashirin. Sai a 1952, yana da shekara talatin da ɗoriya, aka fara jin sa a bainar jama'a, shi da gitarsa. Kuma ba ɗan lelen hukuma ba ne. Alƙali, ɗan sanda, limamin coci, babu wanda ya bari. Waƙarsa "Le Gorille", wadda ta yi wa alƙalai da hukuncin kisa ba'a, an hana sa ta a rediyon gwamnati shekaru da dama. Duk da haka, a 1963 kamfanin ɗab'i na Seghers ya buga kalmomin waƙoƙinsa cikin jerin littattafan manyan sha'irai, kuma tsohon malaminsa na makaranta, Alphonse Bonnafé, shi ya rubuta bayanin. A 1967 majalisar masanan harshen Faransanci ta ba shi babbar kyautarta ta waƙa. Duka wannan yana raye aka yi. Da ya rasu a watan Oktoba na 1981, babu wani baiti nasa da aka binne tare da shi.

Yanzu mu dawo gida. An haifi Malam Maman Barka a Tesker, arewa da Gure, cikin jiharmu ta Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950. Batube ne, ɗan makiyaya, wanda ya yi karatu har ya zama malamin makaranta, kuma daga nan "Malam" ɗin ya bi shi. Da gurumi mai tsirkiya biyu ya yi suna, har waƙoƙinsa suka ƙetara iyaka zuwa arewacin Najeriya. Mu da muka tashi da ƙuruciya a farkon shekarun 2000 mun ji muryarsa a tasha, a shagon tela, a motar Magariya da ta Matamai. Malamin makaranta ya rungumi gurumi a ƙasar da ake kallon makaɗi a matsayin maroƙi, wannan kansa ba ƙaramar jarunta ba ce.

Amma abin da ya fi girma a rayuwarsa, a ganina, ya zo ne daga baya. A 2002, da tallafin hukumar Unesko, ya tafi tafkin Cadi wurin Buduma masunta, ya durƙusa gaban wani dattijo, Bukar Tar, wanda ake cewa shi ne gwani na ƙarshe da ya rage a kan biram, abin kiɗan nan mai tsirkiya biyar mai siffar kwale-kwale. Mutumin da ya riga ya yi suna, wanda yake iya zama a Yamai ya ci gaba da kiɗan da ke kawo masa kuɗi, sai ya koma ɗalibi don kada kiɗan wata al'umma ya mutu da mutuwar tsoho guda. Ya koya, ya kai biram har bikin WOMAD na Ingila a 2008 tare da abokin kiɗansa Umaru Adamu, wani kamfanin Ingila kuma ya fitar da faifansu a 2009. Ya rasu a Yamai ran 21 ga Nuwamba 2018, Allah ya jiƙansa.

Abin da Barka ya yi wa Bukar Tar, wa ya yi wa Barka? Na zaga shagunan littattafai a nan da Yamai ina neman ko ɗan ƙaramin kundi na kalmomin waƙoƙinsa, na dawo hannu rabbana. Faifan biram ana samunsa a Turai. Waƙoƙin gurumi kuwa, waɗanda su ne namu, suna cikin tsofaffin kaset da zafi ke narkarwa, ko cikin wayoyin samari, rabi da rabi, wasu ma babu sunan waƙar. Haka zancen yake ga Ma'azu Ɗan Alalo, wanda tarihin sarakunan Damagaram ke cikin bakinsa.

Na san abin da wasu za su ce: yanzu da muka raba gari da Faransa, me ya kawo misali da mawaƙinta? Sojojinta sun fice a Disamba 2023, a 2024 an sauya sunayen wasu titunan Yamai, a 2025 kuma sabon kundin tsarin ƙasa ya ɗaga Hausa ya mai da ita harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. To madalla. Sai dai sauya allon titi aikin yini ɗaya ne. Ran da aka ce mushe ya shiga aji ya koyar da adabi da Hausa, me zai ɗora a kan tebur? Faransanci bai kama kawunanmu da bindiga kaɗai ba, ya kama su da littafi, da waƙar da aka ce mu haddace mu karanto ran Litinin. Wanda ya kori baƙo daga ɗaki bai shimfiɗa tasa tabarma ba, a ƙasa zai kwana.

Wasu kuma za su ce waƙar baka ba ta takarda ba ce, in aka raba ta da gurumi da murya ta zama gawa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ban musa ba. Brassens ma a takarda rabinsa ne. Amma rabi ya fi babu, kuma ba sai mun je Turai neman hujja ba. Maƙwabtanmu sun riga mu. Tun a shekarun 1970 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na dakta a kan waƙar baka da Mamman Shata. A 1988 jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa yana raye. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Kano ya share shekaru yana rubuta waƙoƙin makaɗa cikin diwani. Shi ya sa yaron Funtuwa ke iya buɗe littafi ya ga Shata, yaron Gure kuwa sai ya yi sa'ar wani kawu mai tsohuwar kaset.

Aikin ba na miliyoyi ba ne. Muna da jami'a a nan garin, mai sunan André Salifou, mutumin da ya ɗauki tarihin Sarki Tanimun ya mai da shi wasan kwaikwayo. Ɗalibai kaɗan masu jin Hausa da Tubanci da Barebari, tun da Barka bai tsaya ga harshe ɗaya ba, su zauna da kaset da waɗanda suka yi kiɗa tare da shi, tun suna da rai, su rubuta, su fassara, a sa ranar da wurin da aka yi kowace waƙa in an samu. Ma'aikatan rediyo su buɗe ma'ajiyarsu. Iyalinsa a nemi izininsu, a kuma ba su haƙƙinsu, don kada a ci gumin mamaci sau biyu.

Ku kuma alhazanmu na Kasuwar Dole da Zango, maganar ta zo kanku. Mun ga yadda ake liƙa jika goma goma a goshin mawaƙi a daren biki don a ambaci suna sau uku, kafin asuba kuma sunan ya bi iska. Abin da ake watsarwa a biki biyu ko uku ya isa a biya ɗalibai, a buga littafin, a kai kwafi kowace makaranta daga Tanut zuwa Magariya. In sunan ne ake so, a rubuta shi a shafin farko.