Tsuntsu Ma Manomi Ne a Kurmi

Jama'a, akwai wata magana da nake so mu 'yan Arewa mazauna Kudu mu duba da idon basira. Da yawa daga cikinmu a Sabon Badun da Shagamu da Ikko, abincinmu daga kurmi yake fitowa: wani goro, wani gawayi, wani katako. Amma in an ce kurmi yana ƙarewa, sai ka ji an ce ai baƙo raɓa ne, ina ruwanmu? To, wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ga misali a Badun. Lokacin da aka kafa cibiyar binciken aikin gona ta IITA a 1967, an killace wani yanki na tsofaffin gonaki, aka hana sara da farauta. Yau wurin ya koma kurmi sosai, da tsuntsaye fiye da iri 200. Su kuwa tsuntsaye ba 'yan kallo ba ne a wannan aiki. Irin su cilakowa sukan haɗiye 'ya'yan itace, su je nesa su kasayar da ƙwallon, can sai ya tsiro. Wato shuka suke yi ba lada.

Saboda haka masana ke ƙirga tsuntsaye, don su gane ko daji yana farfaɗowa. Cibiyar APLORI ta Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, kuma 'yan sa-kai ne ƙashin bayansa. Mutum ya fita da sassafe, ya rubuta abin da ya gani a wayarsa, ya aika. Ba a tambayar digiri.

Ina samarinmu? Yaron da ya tashi a ƙauye, wanda ya san kukan hazbiya daga na kurciya, ya riga ya yi rabin karatun. Sarakunan Hausawa da limamai su ƙarfafa musu gwiwa su shiga.

Sannan mu daina sayen aku da gashinsa. Tun 2016 ƙasashen duniya suka amince a haramta cinikin akun da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, don ya yi ƙaranci ƙwarai.

Bishiyar goro tana son laima da inuwa. Ranar da kurmi ya bushe, huhun goro ma zai yi wuyar samu. Allah ya sa mu gane.