Daga kaset zuwa kwamfuta: Ina ingancin sauti ya tafi a kudancin Kano?

A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran sassan jihar Kano, kaset ya kusa zama tarihi.

Mai son waƙar Mamman Shata ko tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, yanzu wurin masu turi yake nufa da memori a hannu, a kasuwar Kwanar Dangora ko ta Tudun Wada. Cikin 'yan mintoci za a zuba masa ɗaruruwan waƙoƙi da karatuttuka daga kwamfuta.

To amma da an koma gida, sau da yawa sai a ji muryar ta shaƙe, amon kalangu ya dushe. Magidanta kan ɗora wa lasifika laifi, su sayo wadda ta fi girma, alhali matsalar tun daga tushe take.

Yadda aka matse sauti

Faifan CD, wanda kamfanonin Philips da Sony suka fitar a 1982, yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. Minti ɗaya na waƙa kan ci kimanin megabait 10.

A farkon shekarun 1990 ne masana a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus suka jagoranci samar da tsarin MP3. Dabararsa ita ce zubar da sassan sautin da kunne bai cika kamawa ba, har nauyin waƙa ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma.

Wannan ya yi daidai da halin Najeriya bayan zuwan wayar salula a 2001, lokacin da memori ke da tsada kuma ba ya ɗaukar kaya da yawa. Tun daga nan ciniki ya ginu kan yawa: wanda ya fi cusa waƙoƙi a memori guda, shi ke da kasuwa.

Kwafar waƙa daga wannan memori zuwa wancan ba ta rage komai. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka sake matse wadda aka riga aka matse, ko aka kara waya a bakin rediyo aka naɗa. Abin da aka zubar kuwa, babu lasifikar da za ta dawo da shi.

Abin da ake buƙata a gida

Haɗa na'urar sauraro mai inganci ba sai da sabuwar kwamfuta ba. Tsohuwa ta hannu ma ta wadatar, domin kunna sauti ba aiki ne mai nauyi ba.

Mataki na farko shi ne samun waƙar a cikakken siffarta. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage nauyi da kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba.

Na biyu shi ne na'urar da ke mayar da lambobin kwamfuta su zama sauti, wadda ake kira DAC. Ta cikin tsofaffin kwamfutoci kan kwaso ƙugin injin, shi ya sa ake sayen 'yar ƙarama ta waje a jona ta kafar USB.

Daga nan sai amfilifaya da lasifikoki biyu madaidaita, a ware su hagu da dama daidai tsayin kunnen mai zaune.

Ɗakin kansa yana da tasiri. Daɓen siminti da rufin kwano marar silin suna mayar da amo ya yi ta karo da juna, amma darduma da labule na shanye shi.

Matsalar wuta

Ko an haɗa duk waɗannan, sai da lantarki. A yankin da ke da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, ƙauyuka da dama ba su da tsayayyar wuta.

Hawa da saukar ƙarfin wuta na ƙona amfilifaya, rurin janareto kuma na danne duk wani sauti mai laushi. Wannan ya sa sola da batir suka fi dacewa, ko da yake inbata mai araha ita ma kan sa lasifika ƙugi.

Abin da ake gudun asararsa

Batun ya wuce jin daɗin kunne. Shata, wanda ya rasu a 1999, da Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, sun bar faya-fayai da kaset-kaset a gidajen rediyo da hannun masoya, saboda haka da wuya muryarsu ta ɓace.

Ba haka abin yake ba ga makaɗan noma da na farauta na ƙauyukan da ke kewaye da dajin Falgore, ko malamin da ya shekara talatin yana tafsiri a masallacin garinsu. Mai yiwuwa kaset ɗaya tak ya rage na muryarsa, yana cikin adaka.

Zaren kaset ba ya jure zafi da laima, kuma Doguwa da Tudun Wada sun fi arewacin jihar samun ruwan sama. Ga shi rikodar da za ta kunna shi, da mai gyaranta, sai ƙara wuya suke yi.

Idan aka juye irin wannan kaset cikin gaggawa a matse, aka jefar da na asali, to gurguwar muryar ce za ta zama gadon jikoki. Hanyar da masu adana tarihi ke bi ita ce a juye shi a cikakken siffa, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, sannan a matse wani domin waya.

Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Najeriya ta samu sabuwar doka a kan haka a 2023, sai dai kuɗin da ake biya a teburin turi ba kasafai yake isa ga mawaƙi ko magadansa ba.

Manhajoji irin su Boomplay da Audiomack, da Spotify da ta shigo Najeriya a 2021, suna buƙatar data da sabis mai ƙarfi, kuma ba su da waƙar makaɗin ƙauye.

Saboda haka kwamfutocin masu turi ne suka zama rumbun sautin yankin, ba tare da kowa ya ɗora musu wannan amana ba. Ingancin abin da suka zuba a ciki yau, shi ne abin da na baya za su tarar.