Haƙƙin Karen Gadi a Kan Masu Masana'antu

Duk wanda ya bi hanyar Zariya a Kano bayan sallar lisha, ya ratsa Na'ibawa a daidai lokacin da 'yan katako suka kulle rumfunansu, 'yan lemo suka lulluɓe kayansu, sa'an nan ya karkata zuwa Sharada, ko ya gangara Challawa inda kamfanonin jima suke, ko kuwa ya zarce har Bompai, ba abin da zai cika masa kunne kamar haushin karnuka daga bayan dogayen katangu. Waɗannan karnuka ma'aikata ne, domin dukiyar da suke kwana suna tsaro ba ƙarama ba ce. Sai dai ma'aikatan da ba a rubuta sunansu a littafin albashi ba ne, ba su kuwa da bakin kai ƙara. Abin da nake son in faɗa shi ne, yadda mafi yawanmu muke riƙonsu zalunci ne a shari'a, kuma wauta ce a hankalce, don kuwa yana ɓata aikin da dominsa aka ajiye su.

Ga yadda abin yake. A can ƙarshen fili, bayan ɗakin janareta, za ka tarar da wani ɗan keji na kwano wanda da ƙyar kare zai iya juyawa a cikinsa, ga kwanon ruwa a kife tun safe, ga ƙasan keji ya yi sumul saboda kai da kawowa. Nan zai wuni cikin zafin watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi a Kano yakan haura 40, alhali kuwa Allah bai halicci kare da yin gumi irin namu ba, da haki da zaro harshe yake fitar da zafin jikinsa, in iskar da yake shaƙa ta yi zafi kuwa to dabararsa ta ƙare. In ka tambayi dalili sai a ce maka wai kada ya saba da mutane, wai sai an kulle shi, an bar shi da yunwa, an ɗan taɓa lafiyarsa da bulala, sa'an nan zai yi zafi da dare. Wasu har barkono suke zuba masa a abinci.

To, abin nan da ake kira zafi, mafi yawansa tsoro ne. Kare yana magana da jikinsa tun kafin ya buɗe baki, sai dai mu ba mu koyi karatun ba. In ya kau da kai gefe yana kallonka da farin ido, ya kwantar da kunnuwa baya, yana lasar leɓe ko yana hamma ba barci yake ji ba, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, to yana roƙo ne a ba shi wuri. Kaɗa wutsiya ma ba kullum ne yake nufin maraba ba. In jikin ya sandare, wutsiyar ta miƙe sama tana rawa kaɗan-kaɗan, gara mutum ya ja da baya. Gurnani kuwa shi ne gargaɗinsa na ƙarshe, kuma wanda ya doki kare don ya yi gurnani bai cire masa tsoron ba, gargaɗin kawai ya cire, gobe sai ya kai cizo ba sallama. Irin wannan kare ba ya rarrabe ɓarawo da leburan da ya yi sammako, ko almajirin da ya leƙo neman sauran abinci, ko yarinya mai tallar ƙosai. A birnin Denver na Amurka an yi wani bincike a 1994 a kan karnukan da suka ciji mutane, aka tarar wanda ake ɗaurewa da sarƙa a tsakar gida ya fi yiwuwar cizo kusan ninki uku.

Masu horon karnuka na zamani, waɗanda suke kawo mana manyan karnukan Turai a kan kuɗi masu yawa, sukan kafa hujja da cewa kare jikan kyarkeci ne, ba ya biyayya sai ga wanda ya murƙushe shi. Wannan magana tana da asali, amma asalin mai rauni ne. Wani masani, Rudolf Schenkel, shi ya wallafa tushenta a 1947, bayan ya lura da kyarketai da aka tara aka kulle a gidan namun daji na Basel, baƙin juna, ba mai hanyar gudu. Wani masanin, David Mech, ya yaɗa ta cikin littafinsa na 1970, amma da ya daɗe yana nazarinsu a daji sai ya dawo a 1999 ya warware, ya ce garken kyarkeci a sarari iyali ne, uwa da uba da 'ya'ya. Wato halin fursuna aka ɗauka aka ce shi ne ɗabi'a. Tun 1965 kuma wasu masana biyu, Scott da Fuller, suka nuna cewa makonnin farko na kwikwiyo, daga na uku zuwa wajen na goma sha biyu, su ne lokacin da yake koyon abin da zai amince da shi da abin da zai ji tsoro, wanda aka ɓoye a duhu a wannan tsakani kuwa da wuya ya warke. Mafarautanmu ba su karanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma dubi yadda mafarauci yake raɗa wa karensa suna, ya ci ya rage masa, ya kira shi da fito ɗaya ya baro zomo ya dawo. Na sha ganin Buzu maigadi zaune a bakin ƙofa yana dafa shayi, karensa kwance kusa da tabarma ba igiya ba sarƙa, mutum ɗari su wuce bai ɗaga kai ba, amma baƙon da ya tsaya yana leƙen katanga tuni ya miƙe. Wannan shi ne gadi.

Na san za a ce mini ai kare najasa ne, Musulmi me ya haɗa shi da lallashinsa. A nan ya kamata mu koma ga littattafan da muka gada a zaurukan malamanmu. A mazhabar Imamu Malik, Allah Ya yi masa rahama, wadda ita muke bi a ƙasar nan, kare mai rai tsarkakakke ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki kuwa malamai sun ɗauke shi ta'abbudi ne. Gaskiya ne hadisi ya yi kashedi a kan ajiye kare ba da wata bukata ba, ya togace na farauta da na kiwo da na gona, kuma malamai da yawa sun yi ƙiyasin tsaron gida a kansu. Masu sharhin Risala ma sun kawo labarin cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, wanda ya nuna shari'a ta san dabba ce mai koyo. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, sun kuma ruwaito na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abincinta ba. Ban ga yadda mai keji na kwano zai karanta hadisin nan na biyu hankalinsa ya kwanta ba. Ba na cewa a shigar da kare ɗaki ko a rungume shi yadda Turawa suke yi. Wannan al'adarsu ce. Amma wanda ya tsare dabba don amfanin kansa, nafaƙarta ta hau kansa.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, ita ce cewa masana'antun nan da yawa sun durƙushe saboda rashin wutar lantarki, leburan da ke sauran ma da ƙyar yake ciyar da iyali, ina ta kare? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai abin da kare yake bukata ba shi da tsada: inuwa, da ruwa da ba ya yankewa, da abinci a kan lokaci, da a sake shi ya zaga yana sansana safe da maraice, domin hanci shi ne idonsa, da mutum guda da ya san muryarsa wanda ba a sauya shi kowane wata. Inda abin yake lalacewa shi ne mai kamfani ya sayi kare ya miƙa wa maigadi ba tare da kuɗin abinci ba, sai talaka ya raba ɗan tuwonsa biyu ko ya bar dabba da yunwa. In an rufe kamfani kuma a kwashe injuna a bar kare, ya shiga unguwa yana bin bola.

Daga nan ne maganar take zama ta lafiyar jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, yara kuwa suna da kaso mai yawa a ciki, kuma da zarar alamunsa sun bayyana ba a cika tashi ba. Allurar rigakafinsa ta karnuka ana yin ta a nan gida, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, masana kuma sun ce in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri, cutar takan yanke. Ya kamata hukumar da ke ba masana'antu izini a Kano ta riƙa tambayar takardar allurar kowane karen gadi, yadda ake tambayar na'urar kashe gobara. Wanda kare ya ciza kuwa, a Na'ibawa ne ko a Sharada, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.