Gilashi Ya Rufe Mana Ido

Duk ɗan Arewan da ya sauka Kuala Lumpur, ɗalibi ko ɗan kasuwa ko jami'in gwamnati, gindin tagwayen benayen Petronas yake fara nufa. A ɗaga kai, a ƙirga hawa 88, a ɗauki hoto, a tura gida. Shi ke nan an ga Malesiya. Wallahi abin kunya ne.

Tafiyar ƙafa kaɗan daga nan, a titin Jalan Stonor, akwai gidan katako da ake kira Rumah Penghulu Abu Seman, gidan wani dagaci ne daga jihar Kedah. An fara gina shi wajen 1910. Da ya kama hanyar lalacewa, ƙungiyar Badan Warisan Malaysia ta kwance shi a 1996, ta kawo shi birni, ta sake haɗa shi. Ku dubi saman tagoginsa: masassaƙi ya huda katako, ya fitar da ganye da reshe suna sarƙe da juna, iska na ratsowa ta cikin adon. Mutum nawa a cikinku suka taɓa taka matakalarsa?

Ba a Malesiya kaɗai ake riƙe irin wannan aiki ba. A ƙauyen Alchi na Ladakh, can tsakanin duwatsun Himalaya, ginshiƙan da aka sassaƙa a ƙofar wurin ibadar mabiya Buddha sun kai shekara 800 a tsaye. Addininsu daban, namu daban. Amma mutanen yankin ne, ba su fi mu dukiya ba, suka riƙe aikin kakanninsu tsara bayan tsara.

Mu fa? Mukan komo gida da Petronas a ka, mu sa a rushe zauren kaka a dasa shaguna. Tsohon ƙyauren da aka yi wa ado da ƙusoshi ya koma itacen girki. Akushi da turmi na masassaƙan garinmu mun musanya su da roba, su kuma masassaƙan 'ya'yansu sun kama acaba domin ba mai saye. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Mikaila, da ƙyar wani sashensa ya tsira cikin sabon gini.

Kada kowa ya fake da talauci. Mai kuɗin jirgi zuwa Kuala Lumpur ba zai rasa kuɗin yaɓen zauren ubansa kafin damina ba. Raini ne kawai, mun raina hannun da ya sassaƙa ƙofar da muka shiga muka fita tun muna rarrafe.