Kafin ka sayi kwalbar zink, karanta bayan galan

Idan kana bibiyar shafukan kanikawa a TikTok ko Facebook, da wuya ba ka ci karo da maganar zink ba. Wani Ba'amurke zai ɗago kamshaf da ya cinye, ya ce baƙin man zamani ne ya yi wannan ɓarna, domin an rage masa zink. Daga nan sai tallar wata 'yar kwalba ta biyo baya. Kai kuma da kake jan tsohuwar Fijo 504 ta gidanku daga Rabah zuwa Sakkwato, ko kake wuni da injin ban-ruwa a fadamar Wurno, sai hankalinka ya tashi. Maganar tana da tushe, amma rabinta aka faɗa maka, kuma rabin da aka bari shi ya fi shafar aljihunka.

Zink ɗin nan ba na kwanon rufi ba ne. Wani haɗi ne na zink da fosforas da farar wuta, ana kiran sa ZDDP, kuma tun shekarun 1940 ake sa shi a baƙin mai. A inda ƙarfe ke gogar ƙarfe da ƙarfi har man ya matse ya fita, zafin wurin yakan sa sinadarin ya yi wata siririyar shimfiɗa a kan ƙarfen. Ita ke cinyewa a madadinsa. Wurin da ya fi bukatar wannan kariya shi ne tsakanin kamshaf da tafet, wato ƙarfen da kamshaf ke turawa don buɗe bawul. A tsofaffin injuna irin na 504, fuskar tafet shafaffiya ce, guga take sha. A yawancin sababbin injuna an sa mata ɗan gare mai mirginawa, sai gugar ta ragu.

To me ya sa aka rage shi? Saboda fosforas yana kashe matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda kanikawanmu ke kira indomi. A farkon shekarun 1990 iyakar fosforas a man ƙananan motoci kashi 1,200 ce cikin miliyan. Da cibiyar API ta Amurka ta fito da matakin SM a 2004, iyakar ta sauko zuwa 800.

Ga rabin da bidiyon bai faɗa ba. Wannan iyaka ta shafi mai marar kauri ne, irin 5W-20 da 5W-30 da 10W-30. Ba ta ɗaure 20W-50 da 15W-40 da SAE 40 ba, kuma su ne suka cika shagunanmu. Bugu da ƙari, yawancin injunan da ake nuna maka sun cinye na motocin tsere ne da aka ƙara wa ƙarfi, ko waɗanda aka sa wa sabon kamshaf bai gama zama ba. Tsohuwar motar da ke ɗaukar albasa zuwa kasuwar Acida, idan ta samu 20W-50 na gaskiya daga kamfanin da aka sani, ba ta bukatar wata kwalba. Hasali ma yawan zink ba ya ƙara kariya. In ya wuce kima yakan ɓata ma'aunin sauran sinadaran da ke wanke inji, har ya koma yana cin ƙarfen.

Abin da ke kashe injuna a wajenmu daban ne, kuma kai ma ka san shi.

Na farko, jabu. Man da ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi, wa ya san asalinsa? Zai iya zama mai kyau da aka ɗebo daga duro, zai iya zama tsuran mai da ba a haɗa shi da komai ba, ko tsohon juye da aka tace. Murza shi a yatsa ba zai nuna maka zink ba, kauri kawai za ka ji. Hukumar SON ta sha kama jabun baƙin mai a kasuwannin ƙasar nan, har da wanda aka zuba a galan mai tambarin manyan kamfanoni. Araha dai ba ta ado.

Na biyu, rashin juye. ZDDP ƙarewa yake yi, tunda aikinsa ke nan, ya cinye don ƙarfe ya tsira. Ciko ba juye ba ne. Ɗauki injin ban-ruwa irin Honda GX160 da ire-irensa: man da yake ɗauka bai kai lita ɗaya ba, ba shi da filtar mai, kuma littafinsa ya ce a yi juyen farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100. Idan yana aikin awa takwas kullum a gonar tafarnuwa a ƙasan madatsar Goronyo, awa 100 ba ta kai sati biyu ba. Mutum nawa ke yin wannan lissafi?

Na uku, ƙura. Lokacin noman rani shi ne lokacin hunturu. Filtar iska da ta yage tana shigar da yashi cikin inji, kuma babu zink ɗin da zai hana yashi cin fistin da ringi.

Kai ɗan kabu-kabu, naka ya ɗan bambanta. Kulocin babur yana cikin man da injin ke sha. Wasu mayukan mota da kwalaben ƙari suna da sinadarin ƙara santsi da ke sa kuloci zamewa. Nemi wanda aka rubuta wa JASO MA. Kai kuma mai Corolla ko Camry ta baya-bayan nan, kada ka ji labarin zink ka ɗura mata 20W-50. Ba ta abin da kamfaninta ya rubuta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Wannan ba maganar gayu ba ce. Injin da ya buga a tsakiyar rani, kwana uku ba ruwa sun isa su tauye albasar da aka ci bashi aka dasa. Motar da ta mutu a hanyar Goronyo gab da magariba kuwa, a halin da yankinmu ke ciki, ba sai na faɗa maka abin da ke zuciyar fasinja ba.

Don haka ka sayi galan rufaffe a wurin da ka amince da shi, ka duba lambar kauri da haruffan API, ka rubuta ranar juye a wayarka, ka fasa galan ɗin da ya ƙare don kada a sake cika shi da jabu. Kuɗin kwalbar zink kuma ka sayi filta da su. Kai ne mai waya, kai ne mai karatu a gida. In Baba ya aike ka sayen mai, juya galan ɗin ka karanta kafin ka biya.