Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinonin Lafiya na jihohin Arewa kan magungunan da suka fara daina ci



Na rubuto muku ne a kan cutar da ke cin jama'armu ba tare da an ji amonta ba: ƙwayoyin bakteriya suna daina jin magani. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka rasu a duniya sanadiyyar haka, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba, kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Mu ake nufi ke nan.

Sau da yawa za ku ji majinyaci ya ce jikinsa ya saba da maganin. Ƙwayar cutar ce ta saba, ranku ya daɗe. Bakteriya irin E. coli tana iya rabuwa biyu cikin minti 20, don haka a wuni guda ta zama miliyoyi, kuma a cikinsu ba a rasa 'yan tsiraru da aka haifa da wata dabara. Wata tana fitar da sinadarin da ke datse maganin dangin fenisilin kafin ya taɓa ta. Wata tana tofo maganin waje da zarar ya shige ta, wata kuma ta sauya fasalin wurin da zai kama. Idan magani ya shiga jiki, raunana ne ke mutuwa, masu dabara su gaji filin, kamar manomin da ya tsarma maganin feshi da ruwa ya wayi gari ciyawa mai taurin kai ta cinye gonar. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne suna miƙa wa juna dabarar ta wani ɗan guntun gado da ake kira filasmid, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Ƙwayar da ta koya a cikin hanjin kaza tana iya koya wa wadda za ta kama jariri. Tun a 1945 Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗin cewa shan abin da bai kai ƙima ba zai horar da ƙwayoyin.

Ku tsaya a bakin kemis na unguwa bayan magariba. Uwa ce za ta zo goye da yaro mai mura, ta ce a haɗa mata na ɗari uku. Mai shago ya ɗauki almakashi ya yanko kafso huɗu na Ampiclox, ya ƙara Flagyl biyu, ya ƙulle a leda. Mura kuwa bairos ke kawo ta, waɗannan magunguna ba su da abin da za su yi mata, sai dai su horar da ƙwayoyin da ke cikin yaron. Ban ga laifin uwar ba. Iya kuɗinta ke nan, asibiti da nisa, layin kati kuma ya cinye mata wuni.

Inda na fi so ku dube shi ne maganar taifod. Kusan duk wanda zazzaɓi ya kai ɗakin gwaji sai ya fito da takarda mai cewa maleriya da taifod. Gwajin Widal ne ake yi, tsohon gwaji tun ƙarni na 19, wanda kan nuna cutar ga wanda ya taɓa yin ta ya warke, har ma ga mai maleriya zalla. Da wannan takardar ake ɗora mutum kan Cipro ko allurar seftiriyazon na kwanaki. Ku dubi Pakistan. A 2016 wani nau'in taifod ya ɓulla a Hyderabad ta lardin Sindh da ya bijire wa tsofaffin magunguna uku, ya bijire wa dangin Cipro, ya bijire wa seftiriyazon. Cikin na haɗiya, azitiromaisin kaɗai ya rage musu. Dole ta sa a 2019 suka shigar da rigakafin taifod cikin alluran yara. Gurɓataccen ruwa da sayar da magani barkatai ne suka kai su can, mu ma kuwa duka biyun muna da su.

Shawarata, masu girma, ku fara da ɗakin gwaji. Kowane babban asibiti na jiha ya iya shuka jini da fitsari, ya gano ƙwayar, ya gano maganin da take ji, a farashin da talaka zai iya. Likitan da ba shi da wannan lalube yake cikin duhu, kuma mai lalube babban magani yake rarumowa. Sakamakon gwaje-gwajen a tattara shi duk wata a raba wa likitoci da malaman asibiti, a aika wa hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, domin kowa ya san maganin da ya daina ci a garinsa.

Masu kemis kuwa, rufe shago kaɗai ba zai raba mu da matsalar ba, domin a ƙauyuka da dama su ne likita, su ne asibiti. Ku haɗa kai da hukumar kula da harhaɗa magunguna ta PCN da ƙungiyar masu kemis ɗin a horar da su, a ba su kayan gwajin maleriya na nan take, a nuna musu lokacin da za su ce wa uwa ta wuce asibiti. Bayan haka wanda ya yanka kafso ya sayar a hukunta shi, masu tallar magani a faranti cikin rana a tashoshin mota kuma a hana su gaba ɗaya.

Ku kuma zauna da takwarorinku na ma'aikatar gona. Masu kiwon kaji suna zuba tetarasaikilin a ruwan sha tun kajin suna 'yan tsaki, lafiyarsu ƙalau. Tarayyar Turai ta haramta ba dabbobi irin waɗannan magunguna don ƙiba tun 2006. Ina roƙon ku sa kuɗin ɗakunan gwaji da na horar da masu kemis cikin kasafin kuɗin shekara mai zuwa, da layinsu na kansu, yadda majalisa za ta iya tambayar inda suka tafi.